Yadda Ake Gyara Karce Mai Zurfi a Bambar Mota

Duk mai tuƙa mota a cikin gari ya san bamba ce ke fara karɓar wahala. Ko dai mai Adaidaita Sahu ya zo kurɗawa a cunkoso ya goge ta, ko kai da kanka ka zo shiga get da baya ka ƙuje ta a jikin ginshiƙi, ko ka fito daga kasuwa ka tarar an zana maka layi, wanda ya yi kuma ya ƙara gaba. Tawa motar Corolla ce mai ruwan azurfa. Ƙarfen baro ne ya karce mata kusurwar baya ta dama, tsawon kamar taƙi guda, har baƙar robar ta leƙo. Na kai wa wani mai fenti ya cike ya fesa, ta fito tas kamar ba a taɓa ta ba. Ba a yi wata uku ba fentin ya fara ɗagowa daga gefe yana ɓarewa kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Abin ya yi mini ciwo, shi ya sa na zauna na koyi aikin. A nan na gane inda gizo ke saƙar: bamba roba ce, kuma duk wanda ya yi mata aiki irin na ƙarfe, aikinsa ba zai zauna ba.

Yawancin bambobin motocin yanzu da wata roba ake yin su mai suna folifurofilin. In ka leƙa cikin bambar za ka ga an buga haruffa kamar PP ko PP+EPDM ko TPO. Dangin robar da ake yin bokiti ce, kuma ka san yadda gam ba ya kama bokiti. Haka fenti ma ba ya kama ta sai da dabara. Ga shi kuma tana lanƙwasa ta dawo, tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi. Duk abin da za ka ɗora a kanta dole ya manne, dole kuma ya iya lanƙwasa tare da ita.

Fara da auna zurfin karcen

Fentin mota hawa uku ne. A ƙasa akwai faraima, wato shimfiɗar da ke riƙe fenti. A kanta akwai launin. A sama kuma akwai kiliya, wadda ba ta da launi, ita ce mai sheƙi, ita ke kare launin daga rana. Duka ukun in an haɗa kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba.

Wanke wurin, ka ja farcenka a gicciye kan karcen. In bai sarƙe ba, kuma in ka zuba ruwa layin ya ɓace sai ya bushe ya dawo, to a kiliya ya tsaya, folish kawai yake so. Ka kuma lura, sau da yawa abin da kake gani fentin ɗayan abin ne ya manne a jikin motarka, kamar rawayan Adaidaita. Wannan ma gogewa zai yi. Amma in farce ya faɗa ciki, kuma kana ganin toka-toka ko baƙar roba a ƙasa, shi ne karce mai zurfi, babu wani man shafawa da zai rufe shi, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Sa hannu ta baya ka danna. In bambar ta tsage har ta fasa, ko kunnuwan da ke riƙe ta sun karye, sai an fara yi mata walda irin ta roba kafin a zo maganar fenti. Haka in bambarka baƙa ce mai ɓarzo-ɓarzo wadda dama ba a yi mata fenti ba, wannan hanyar ba tata ba ce.

Nemo launin

Kada ka je shago ka ce a ba ka fentin azurfa. Toyota kaɗai tana da azurfa iri-iri. Kowace mota tana da lambar launinta. A Toyota, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta C/TR. Haruffa ukun farko su ne launin. Tawa 1F7 ce. Farin da aka fi sani 040 ne, baƙi 202. A Honda ma a wurin take, lambobi irin su NH-731P na baƙi. Peugeot kan yi amfani da haruffa uku, kamar EWP na fari da EZR na azurfa.

Sai dai lambar tana ba ka launin motar ne ranar da ta fito daga kamfani. Motar da ta shekara goma tana shan ranar ƙasarmu ta koɗe, wataƙila ma an taɓa sake mata fenti kafin ta zo hannunka. Saboda haka ka je wa mai haɗa fenti da motar kanta, ko ka kunce 'yar ƙofar tankin mai ta jikin bodi ka kai masa ya gwada da ido. A Kano akwai masu wannan sana'a a wajejen Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Abuja Apo. Ka roƙe shi ya shafa a ɗan gwangwani, a bari ya bushe, ku ɗora a jikin bambar a rana ku duba, domin ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. In akwai mai ɗura fentin a gwangwanin feshi, ya fi maka sauƙi. In babu, ka yi duk aikin shiri a gida, ka kai wa mai bindigar feshi da kwamfiresa ya fesa launi da kiliya. Shirin ne ke cin lokaci, shi ne kuma ake yi wa ha'inci.

Gargaɗi ɗaya: farin lu'ulu'u, irin 070 na Toyota, hawa biyu ne na launi kafin kiliya, kuma daidaita shi yana ba ƙwararru ma wuya. In shi ne launinka, ka yi shirin, ka bar feshin ga mai sana'a.

Sauran kayan su ne sanfefa mai lamba 180, 320, 600, 800, 1500 da 2000 (ƙaramar lamba ita ce mai kaushi), fila, wato ƙullin da ake cike rami da shi, ta roba mai lanƙwasa, ba irin ta bodin ƙarfe ba, gwangwanin sinadarin manne roba, wanda masu shago ke kira filastik faraima, faraima mai cikewa, kiliya, tef ɗin masu fenti da takarda, sifirit, wanda aka fi so shi ne aisofurofil, tsumma mai tsabta marar zare, reza, soso mai tauri ko ɗan katako mai santsi na naɗa sanfefa, folish ɗin gogewa, safar hannu da takunkumi mai matatar sinadari. In kuɗi sun gaza, ka rage komai amma ban da sinadarin manne roba. Rashinsa ne ya ɓare mini fenti.

Wuri da lokaci

Ka nemi inuwa mai iska amma ba guguwa ba. Fenti ya fi son yanayi na digiri 20 zuwa 25. A bazara, lokacin da zafi ke haura 40, da sassafe za ka yi feshi, kafin bambar ta ɗau zafi. In ba haka ba fentin zai bushe a iska kafin ya sauka, ya fito da kaushi kamar yashi. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kuma roba in an goge ta tana jawo ƙura kamar maganaɗisu. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar, ka guji ranar da hazo ya sauka. A damina kuma kada ka fesa dab da ruwa ko bayan an ɗauke, laimar iska tana sa kiliya ta yi fari-fari. Ka nisanci risho, gas, janareta da sigari, ka kuma kori yara daga wurin.

Wanki, sannan sanfefa

Wanke bambar gaba ɗaya da sabulun wanke-wanke, ka ɗauraye sosai, ta bushe. Sai ka goge wurin da sifirit, tsumma ɗaya na shafawa, ɗaya na ɗaukewa. Wannan kafin sanfefa ake yi, domin in akwai maiƙo ko man sheƙin da masu wankin mota ke shafawa, sanfefa za ta tura shi cikin robar ne, daga baya fentin ya fito da ramuka kamar zanzana. Kada ka yi amfani da fetur, yana barin maiƙo. Tina kuma, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, tana cin tsohon fenti tana jiƙa robar.

Duba bakin karcen. Ƙarfe in ya yanki roba yakan tayar da ɗan tudu a gefe biyu, da zare-zare. Kwantar da reza ka aske su a hankali.

Yanzu naɗa lamba 180 a jikin soson, ka goge cikin karcen da gefensa a bushe. Manufar ita ce ka kashe kaifin bakin, ramin ya koma kwari mai gangare maimakon rami mai tsaye. Da hannu za ka yi, a hankali. Injin gogewa mai gudu yana narka wannan robar, in kuma ta narke ta yi santsi babu abin da zai kama ta. Daga nan ka koma 320 ka faɗaɗa kamar yatsu uku kowane gefe. In ka yi daidai za ka ga hawa-hawa sun fito kamar zobba: baƙar roba a tsakiya, sai faraima, sai launi, sai kiliya, kowanne ya ɗan baje. Rufe ido ka shafa da tafin hannu. In har kana jin inda tsohon fenti ya ƙare, ba ka gama ba. Abin da hannu ya ji, ido zai gan shi bayan an fesa, musamman a launi mai duhu.

Share ƙurar, ka sake gogewa da sifirit, ka ba shi minti 10 ya tashi sarai.

Cikewa

Fesa sinadarin manne roba a kan inda baƙar robar ta fito, shafi ɗaya siriri, kamar raɓa. Ba a jiƙa wuri da shi. Ka jira abin da aka rubuta a gwangwanin, galibi minti 10 zuwa 15. Wasu filolin an yi su ne su hau roba kai tsaye, to ka karanta jikin naka ka bi.

Ɗebi fila kaɗan a kan fale-falen roba ko ƙarfe mai tsabta, ba kwali ba, domin kwali yana tsotse ruwanta. Mahaɗin da ke sa ta daskare kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ake sa wa. Ga fila mai girman ƙwan kaza, mahaɗi kamar ƙwayar wake. Mutane kan zuba da yawa don ta yi saurin bushewa, daga baya sai ya ɓullo ta cikin fenti ya bar tabo, musamman a farar mota. Ka cakuɗa ta hanyar shafawa da ninkewa har launin ya zama ɗaya. Kada ka dama kamar koko, iska za ta shiga ta bar ƙofofi. Minti 4 zuwa 5 gare ka kafin ta fara tauri, a zafi ma bai kai haka ba.

Shafin farko ka danna da ƙarfi ta shige cikin ramin. Na biyu ka bar shi ya ɗan ɗara saman bambar kaɗan. Gara siriri sau biyu da kauri sau ɗaya. Fila mai kauri ita ce ke tsagewa ranar da aka ɗan taɓa bambar.

Bayan kamar minti 20 zuwa 30, in farce ba ya shiga, ka goge da 180 har ta kusa daidaita, ka ƙarasa da 320. Abubuwa biyu a nan. Na farko, a bushe ake goge fila, tana shan ruwa, ruwan kuma zai taso daga baya ya kumbura fenti. Na biyu, kada ka goge da yatsu tsirara, yatsu suna haƙa kwari. Soso ko katako ne ke ba da shimfiɗa. Ka riƙa tafiya a karkace, dama da hagu, kana bin lanƙwasar bambar.

Ga dabarar da ta fi taimaka mini. Ka zana wurin da fensir, layuka a gicciye, sannan ka goge a hankali. Inda zanen ya saura, nan akwai kwari, sai a ƙara fila. Inda roba ta fito da wuri, nan tudu ne, ka daina ci. Ni sai da na cike sau uku kafin fensir ya goge gaba ɗaya a lokaci guda, kuma wannan ba ɓata lokaci ba ne.

Rufe kewaye da faraima

Rufe fitilu, bodi, taya da lamba da takarda. In bambar tana da idanun nan masu ƙara in za ka yi baya, ka rufe su da tef da kyau, fenti mai kauri a kansu yana rikita su. A kewayen gyaran kuma kada ka manna tef a miƙe ka yi akwati, zai bar maka layi mai kaifi wanda ba ya ɓoyuwa. Manna takardar ta rufe gyaran, sannan ka naɗe ta baya, bakin ya zama mai lanƙwasa. Feshin zai shiga ƙarƙashi ya baje a hankali.

Duk inda roba ta sake fitowa wajen gogewa, ka sake fesa mata sinadarin mannewa. Sannan faraima. Girgiza gwangwanin minti 2 cur bayan ka fara jin ƙwallon ciki yana kaɗawa. Riƙe shi nesa da bambar kamar santimita 20 zuwa 25. Fara fesawa kafin ka iso wurin, ka saki bayan ka wuce, hannu yana tafiya a miƙe ba tare da tsayawa ba, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Shafi 2 zuwa 3, minti 10 tsakaninsu, kowanne ya ɗan fi na baya faɗi. Ka bar ta awa ɗaya zuwa biyu. In da hali ta kwana, domin faraima tana tsukewa yayin bushewa, gara ta gama tsukewarta kafin launi ya hau.

Cire takardar kewayen, ka goge faraimar da 600 da ruwa, sannan 800. Launuka masu ƙyalƙyali irin azurfa suna tona asirin duk wani zanen sanfefa, don haka kada ka tsallake 800. Bayan nan ka dusashe tsohuwar kiliya da 1500 har zuwa inda sabuwar za ta tsaya. Sabuwar kiliya ba ta kama wuri mai sheƙi. Ka nema mata wurin tsayawa na asali: bakin bambar, ko wata karya, wato layin lanƙwasa, da ke jikinta, ko gindin fitila. Karce na kusurwa yana da wannan sa'ar. In a tsakiyar fili ne, gaskiya mafi kyau a yi wa bambar kiliya gaba ɗaya, domin kiliyar da ta ƙare a tsakiyar fili bakinta yakan bayyana bayan rana ta dake shi.

Wanke, busar, goge da sifirit a hankali, sake rufe kewaye.

Launi da kiliya

Gwada feshin a kwali tukuna. Shafin farko siriri, a kan faraimar kaɗai. Za ka riƙa hango tokar a ƙasa, kada wannan ya dame ka. Jira minti 10 har ya dushe. Na biyu ya ɗan zarce, na uku ya ƙara zarcewa, kana sassauta hannu a ƙarshen kowane layi don sabon launi ya narke cikin tsohon. Wannan bajewar ita ke yaudarar ido. Ko launin ya ɗan bambanta, in babu layin da ya raba su ba za a gane ba. Ga launi mai ƙyalƙyali, shafin ƙarshe ka ja baya zuwa kamar santimita 30 ka yi shi sama-sama, domin ƙwayoyin ƙyallin su kwanta bai ɗaya. In ya jiƙe da yawa sai wurin ya yi duhu da dabbare-dabbare. Kada ka sa sanfefa a shafin ƙarshe, kada kuma ka taɓa da hannu. In wata ƙura ta faɗa, bari ya bushe, ka ɗauke ta da 1500, ka sake fesa siriri.

Launi zai bushe ba sheƙi, haka yake. Bayan minti 20 zuwa 30 sai kiliya.

Kiliya iri biyu ce. Akwai ta gwangwani zalla, mai sauƙi, amma ba ta jure fetur da rana sosai. Akwai mai mahaɗi, wadda ake rubuta wa 2K; ita ce irin ta gareji, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a ranar ƙasarmu ita nake ba da shawara. Ta gwangwani tana da maɓalli a gindi da ake dannawa mahaɗin ya fashe a ciki, daga nan kwana ɗaya zuwa biyu ta daskare. Sai dai tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai illa ga huhu, yana iya jawo asma. Takunkumin yadi ko irin na asibiti ba ya tare shi. Ka sa mai matatar sinadari da ya kama fuska, ka yi a sarari, iska tana kaɗa tururin nesa da kai da maƙwabta. Ina ganin yaran gareji suna fesa wannan abu da ƙyalle ɗaure a hanci, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na gani.

Shafin farko matsakaici. Bayan minti 10, na biyu ya jiƙe har ka ga sheƙi yana bin hannunka. Nan ne ake buƙatar natsuwa: in ka yi sauri zai yi ƙuraje, in ka yi jinkiri zai zubo da hawaye. In ya zubo, kada ka sa tsumma. Bari ya bushe kwana biyu, za a aske shi da sanfefa. Cire tef bayan kamar minti 30, kafin kiliyar ta yi tauri, kana ja a hankali nesa da sabon fentin.

In karcen siriri ne kamar zare, bai kuma ci robar ba, ba sai an yi duk wannan ba. Tsaftace shi, ka tsoma tsinken sakace a fenti ka riƙa ɗiga shi cikin layin, shafi bayan shafi, rabin awa tsakani, ka rufe da kiliya har ta ɗan taso, sannan ka bi matakin gogewa da ke tafe. Daga kusa za a gani, amma daga taku biyu ya ɓace.

Gogewa ta ƙarshe

Ka ba kiliya aƙalla kwana biyu. Ta gwangwani zalla ma mako guda ya fi. Jiƙa sanfefa 1500 da 2000 a ruwa mai ɗigon sabulu na minti 15. Goge ƙuraje da ƙura da 1500 a hankali, ka bi da 2000, kana share ruwan kana dubawa. Da zarar wurin ya dushe bai ɗaya babu ɗigon sheƙi, ka tsaya. Ka kiyayi kusurwa da bakin karya, nan kiliya ta fi siranta. In ruwan da ke fita fari ne, kiliya kake ci. In ya fara ɗaukar launin motar, ka huda ta, sai an sake fesawa.

Sai folish ɗin gogewa a tsumma mai laushi, kana murzawa da ɗan ƙarfi, ƙaramin wuri bayan ƙaramin wuri, har sheƙin ya dawo. In da inji za ka yi, ka rage gudu kuma kada ka tsaya wuri ɗaya, roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, nan da nan fenti ke ƙonewa a kanta.

Fito da motar rana ka duba daga gaba da gefe. In ka ga bambar ta ɗan bambanta da bodi, duba ɗaya bambar da ba a taɓa ba. Sau da yawa haka suke tun daga kamfani, saboda launi ba ya kwanciya a roba kamar yadda yake kwanciya a ƙarfe.

Kada ka shafa kakin sheƙi sai bayan wata ɗaya zuwa biyu, fentin yana ci gaba da fitar da sinadarinsa. A makonnin farko ka wanke wurin da hannu da ruwa mai yawa, kashin tsuntsu ko fetur in ya zuba ka ɗauraye nan take. In ka kai ta wurin wanki, ka nuna wa yaron wurin da aka gyara, ka ce masa kada ya kafa bakin injin ruwa a kansa, kada kuma ya goge shi da busasshen tsumma in akwai ƙura.